Ajin Jami'a da Rumfar Alhazai

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin baje koli, ko da na Gidan Makama ne a Kano, ya ga aikin wani mutum da ba a cika ganin fuskarsa ba. Shi ya zaɓi abin da za a rataya, ya bar wani a sito, ya jera wannan kusa da wancan, ya rubuta 'yar takardar bayanin da ke liƙe a gefe. A shekaru hamsin ɗin da suka wuce, wannan aiki ya tashi daga tsaron kayan tarihi ya koma fagen muhawara. Ana tambaya ina mata a bangon nan, wa ya kwaso kayan nan kuma daga ina, rayuwar su wa aka rufe da tabarma. Ɗalibar da ta gama sashen zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, take son ta mai da waɗannan tambayoyi sana'arta, hanya biyu ce a gabanta. Ko dai ta bi jami'o'in Turai da Amurka ta yi digiri na biyu da na uku ta zama malama, ko kuma ta nufi inda ake zuba kuɗi ana gina sababbin ɗakunan baje koli ta koyi aikin a bakin aiki. A duniyar Musulmi ta yau, da wuya a samu garin da ya fi Jidda nuna wannan hanya ta biyu.

Hanyar jami'a da rubutu ta fara. A 1971 wata malamar tarihin zane a Amurka, Linda Nochlin, ta fitar da maƙala tana tambayar dalilin da ya sa tarihi bai lissafa mata cikin manyan masu zane ba, ta kuma amsa cewa ƙofofin makarantu da na masu ɗaukar nauyi aka rufe musu. A 1978 Edward Said ya nuna yadda Turai ta ƙera wa kanta hoton Gabas don ta ji daɗin mulkarsa. A 1981 Griselda Pollock, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Leeds, ta wallafa littafi tare da Rozsika Parker kan yadda aka mai da saƙa da ɗinkin mata ƙaramin aiki, aka ɗaukaka fentin maza. Kwasa-kwasan koyon shirya baje koli sun biyo baya: a Grenoble ta Faransa a 1987, a Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Landan a 1992. Yau a waɗannan wurare ana haɗa abu uku a tukunya ɗaya, wato rajin haƙƙin mata, da nazarin rayuwar masu neman jinsi ɗaya, da warware tunanin mulkin mallaka.

Hanyar Jidda kuwa da aiki ta fara, rubutun ya zo daga baya. A 1968 Safiyya Binzagr da ƙawarta Munira Musalli suka rataya zane-zanensu a wata makarantar 'yan mata, Darut Tarbiyyatil Hadisa, saboda garin ba shi da ɗakin baje koli ko ɗaya. Shekara uku ke nan kafin maƙalar Nochlin. Daga 1972 zuwa 1986 magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ya cika bakin teku da shataletale da sassaƙe-sassaƙe, har da na Henry Moore da Joan Miró. Sai aka yi dogon shiru, sannan abubuwa suka riƙa zuwa a jere: ɗakin Athr a 2009, bikin fasaha na 21,39 a 2014, kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, buɗe cibiyar Hayy Jameel a Disambar 2021, sai Babban Baje Kolin Fasahar Musulunci da ake yi duk bayan shekara biyu, wanda aka fara a Janairun 2023. Yawancin waɗanda suka ɗauki wannan aiki a kansu sun koye shi ne suna tsaye kan tsani da guduma a hannu.

A batun mata, jami'a tana da hujja, kuma hujjar mai kaifi ce. Ɗaliba za ta koyi yadda ake ƙirga mata nawa ne a cikin kayan gidan tarihi, yadda ake karanta hoton mace a gane wa aka zana dominsa, da dalilin da ya sa tukunyar Ladi Kwali ta daɗe ana kiranta sana'ar hannu alhali fentin namiji ana kiransa fasaha. Wannan horo ne da ba ya barin mutum ya sake kallon bango yadda ya saba. Sai dai hujja daban, kujera daban. Manyan gidajen tarihin Turai sun daɗe suna sauraron wannan suka suna gyaɗa kai, sitonsu kuma bai canza sosai ba.

A Jidda kujerun ne a hannun mata. Raneem Farsi da Aya Alireza suka shirya bikin 21,39 na farko. Maya El Khalil ce ta fara jagorantar Athr. Aya Al-Bakree ta shugabanci gidauniyar Diriyah mai shirya baje kolin Musulunci, Antonia Carver ta ja ragamar Art Jameel mai cibiyar Hayy Jameel. A 2019 Zahrah Alghamdi ta wakilci Saudiyya a babban baje kolin birnin Benis na Italiya, a 2024 Manal AlDowayan ta wakilce ta. Binzagr kanta ta nuna abin da mace ke iya yi ba tare da ta ɗaga tuta ba. Ta bi tsofaffin matan Hijaz gida-gida tana tambayarsu yadda ake ɗaurin kai da yadda ake kai amarya, ta tara tufafinsu, ta zana su. Zanenta na 1969 da ake kira Zabun, mace ce zaune a kujera cikin shigar Hijaz, tana duban mai dubanta ido cikin ido, babu alamar neman izini a fuskarta. A 2000 ta buɗe gidan tarihin kanta a Jidda, ta riƙe shi har rasuwarta a Satumbar 2024. Amma akwai abu biyu da adalci bai yarda a tsallake ba. Da yawa cikin waɗannan mata 'ya'yan manyan gidaje ne na 'yan kasuwa da masu mulki, ƙofar da ta buɗe musu ba lalle ta buɗe wa 'yar mai shara ba. Kuma a watan Mayun 2018, makonni kaɗan kafin a bai wa mata izinin tuƙi, aka kama Loujain al-Hathloul da wasu matan da suka yi fafutukar neman wannan izini, ita ba ta fito ba sai Fabrairun 2021. Ana son mace a kan kujera, ba a son ta da ƙorafi.

Batun mulkin mallaka shi ne inda ma'aunin ya fi daɗin dubawa. Malamar jami'a a Landan tana koyar da yadda sojojin Ingila suka kwashe tagullar Benin a 1897, alhali tafiyar mintuna ce tsakanin ajinta da gidan tarihin da tagullar ke ciki har yanzu. Tana da 'yancin faɗa, kuma faɗar ta yi amfani: rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 aikin malaman jami'a ne, kuma yana cikin abin da ya matsa har Jamus ta fara mai da wa Najeriya kayanta a 2022. Duk da haka, sukar tana fitowa da Turanci ko Faransanci, a mujallun da ake sayarwa da fam da dala, ga masu karatun da galibinsu Turawa ne. Cibiyar da ake suka ita ce dai mai bayar da digirin.

Jidda ba ta tsaya suka ba, wurin zama ta canza. A 2012 gidan tarihin Biritaniya ya yi babban baje koli kan aikin Hajji, ya yi kyau ƙwarai, amma bayani ne ga wanda bai taɓa ɗaura harami ba. Na Jidda na 2023 an yi shi ne a rumfar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ƙarƙashin farin rufin nan mai siffar tantuna da aka buɗe a 1981, wanda duk alhajin da ya sauka a Jidda ya yi zaman jira a irinsa. Wadda ta jagoranci shirin, Sumayya Vally, mai zanen gine-gine ce daga Afirka ta Kudu, a lokacin shekarunta talatin da 'yan kai. Ta sa wa taron suna Awwal Bait, ta jera kayan bisa tsarin ibada, daga kiran salla zuwa alwala zuwa sahu zuwa fuskantar alƙibla, maimakon jerin dauloli da ƙarnoni da gidajen tarihin Turai suka saba. Igshaan Adams daga Cape Town ya karɓo tsofaffin dardumomin salla a wajen dangi da abokai, ya bi inda goshi da gwiwa da yatsun ƙafa suka cinye zaren, ya sake saƙa waɗannan tabo da duwatsun ado da zare. Ba sai an yi wa Bahaushe bayanin wannan ba, ya san buzun kakansa. Haroon Gunn-Salie kuma ya rataya huluna dubu a sama, don tuna jama'ar da ta raka gawar Imam Abdullah Haron, wanda ya mutu a hannun 'yan sandan mulkin wariyar launin fata a 1969. An kawo rubuce-rubucen hannu daga cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Masu shiryawa sun ce fiye da mutum 600,000 suka ziyarta. A karo na biyu, a 2025, aka nuna cikakkiyar rigar Ka'aba a wajen Makka, abin da ba a taɓa yi ba.

Wannan nasara ce, kuma babu ajin jami'a da zai iya yin irinta. Amma a leƙa bayan labule. Kamfanin Amurka ne ya zana rumfar, kamfanin Holan ne ya tsara ɗakunan baje kolin. Julian Raby, wanda ke cikin jagororin karo na farko da na biyu, tsohon malamin Oxford ne kuma tsohon shugaban gidan tarihin fasahar Asiya a Washington. Amin Jaffer, abokin aikinsa a karo na biyu, ya fito daga gidan tarihin Victoria da Albert da kamfanin gwanjon Christie's. Wato ko a rumfar alhazai, ilimin da ya riƙe ginin daga waccan hanyar ya zo. Har ila yau, mai da Makka cibiya abu ne da ya dace da imanin kowane Musulmi, kuma ya dace da burin gwamnatin da ke neman masu yawon buɗe ido ƙarƙashin shirinta na 2030. Dukansu biyu gaskiya ne a lokaci guda.

Abu na uku, nazarin masu neman jinsi ɗaya, a nan babu wani ma'auni da za a daɗe ana dubawa. A Turai fanni ne mai kwasa-kwasai da kujerun farfesa, kuma a baje kolin Benis na 2024 Adriano Pedrosa na Brazil ya sa shi cikin ginshiƙan shirinsa. A Saudiyya laifi ne a shari'a, har a 2022 jami'ai suka bi shaguna a Riyad suna kwashe kayan wasan yara masu launin bakan gizo. Najeriya ma tana da dokarta ta 2014, ban da kotunan shari'a na jihohin Arewa. Mai karatu yana da matsayinsa a kan wannan, addini kuma ya yi magana. Abin da ya shafi kwatancinmu shi ne wa ke iya rubuta abin da ke akwai. 'Yan daudu suna cikin tarihin kasuwar abinci da bukukuwan ƙasar Hausa, wasunsu kuma sun yi zirga-zirgar neman kuɗi tsakanin Kano da Jidda. Wanda ya rubuta wannan a littafi, Rudolf Gaudio, malamin jami'a ne daga Amurka da ya yi bincike a Kano, littafin ya fito a 2009. Babu bangon da zai ɗauki wannan labari a Jidda, haka ma a Kano.

Kowace hanya tana da inda ake ce wa mutum dakata. Ashraf Fayadh, Bafalasɗine mawaƙi da aka haifa a Saudiyya, ya shirya baje koli a Jidda a 2013, ya kuma taya shirya wani a Benis a shekarar. A Nuwambar 2015 kotu a Abha ta yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ridda, a 2016 aka mai da shi ɗaurin shekara takwas da bulala 800, bai fito ba sai 2022. A ɗaya ɓangaren, a ƙarshen 2023 Jami'ar Indiana ta Amurka ta soke baje kolin ayyukan Samia Halaby, Bafalasɗiniya mai shekara 87, bayan an yi shekaru ana shirinsa, a daidai lokacin da take magana kan Gaza. A Oktoban shekarar aka kori editan mujallar Artforum saboda buga wasiƙar goyon bayan Falasɗinawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko ladan riyal ne ko dala. Sai dai rashin adalci ne a ce nauyin ɗaya ne. Halaby ta rasa baje koli, ta yi hira da 'yan jarida, dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi. Fayadh ya rasa shekarunsa a kurkuku.

Sai maganar abinci, wadda ɗalibai ba sa son a fara da ita amma iyaye da ita suke farawa. Hanyar jami'a doguwa ce: shekara ɗaya ko biyu na digiri na biyu, uku zuwa shida na digirin digirgir, kuɗin makarantar baƙo kuma ya fi ƙarfin albashin naira sai da tallafi. A ƙarshenta ma ba tabbas, don jami'o'in Ingila suna rage ma'aikata a sassan fasaha da tarihi, kamar yadda Jami'ar Chichester ta rufe kwas ɗin tarihin Afirka na Farfesa Hakim Adi a 2023. A Jidda akwai aiki kuma akwai kuɗi, matashiya tana iya taɓa kayan da takwararta a Turai sai dai ta gani ta bayan gilashi. Amma baƙuwa da iƙama take zaune, iƙamar kuma a hannun mai ɗaukarta aiki take, gwamnati na fifita 'yan ƙasa, kuma ba Larabci ba shiga. Wani abin lura shi ne manyan 'yan Afirka a wannan sana'a ba ta kujerar farfesa suka yi suna ba. Okwui Enwezor kimiyyar siyasa ya karanta, ya kafa mujalla, ya jagoranci baje kolin Documenta a 2002 da na Benis a 2015. Bisi Silva ta yi digiri na biyu a Landan ta dawo Legas ta buɗe cibiyarta a 2007. Koyo Kouoh ta kafa tata a Dakar a 2008. A Jidda ma hanyoyin suna haɗuwa: Effat Fadag malamar jami'a ce ta shirya 21,39 na 2019, ita kuma Eiman Elgibreen da ta shirya rumfar Saudiyya a Benis a shekarar, a Jami'ar Sussex ta rubuta kundin digirinta kan Safiyya Binzagr.

Akwai jarrabawa ɗaya da ta fi dacewa da mu. A ce ɗalibar nan ta Zariya tana son ta shirya baje koli kan Takari, mutanenmu da suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Labarin yana da komai. Akwai hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da aka kashe a Burmi a 1903, da ɗansa Mai Wurno da ya ƙarasa da jama'a bakin Kogin Nilu. Akwai waɗanda suka faɗa hannun masu cinikin bayi a hanya, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Akwai malaman da suka koyar a Harami, da jikokin da ke buga wa ƙasar ƙwallo da sunan Hausawi a bayan riga. Akwai mata masu tuwo da masa, da 'yan Kano-Jidda masu safarar gwal da atamfa. Jami'a ta riga ta yi nata: J. S. Birks ya rubuta littafi kan hanyar ƙasa a 1978, Bawa Yamba ya rubuta kan waɗanda suka maƙale a Sudan a 1995. Jidda kuwa ita ke da mutanen, da hotunan da ke cikin akwatunansu, da tsofaffin da suka tuna. Amma daga ƙarshen 2021, a daidai lokacin da ake buɗe Hayy Jameel, hukuma ta fara rushe unguwanni fiye da sittin da ta ce an gina su ba bisa tsari ba, har da Karantina da Gulail inda baƙin Afirka suka yi yawa, kuma ƙungiyar Amnesty ta ce ba a sa baƙi cikin masu karɓar diyya ba. Ɗakin farko na wannan baje koli, na ayari da guzuri da isowa, zai samu wuri da kuɗi a rumfar alhazai cikin sauƙi. Ɗakin ƙarshe, na katafila, sai dai a mujallar jami'a, inda ba ɗaya daga cikin matan Karantina da za ta gani.

Idan aka ɗora duka a sikeli, ni a ganina Jidda ta fi koyar da sana'ar kanta. A can ake sanin yadda ake magana da jama'ar da ba su karanta Said ba, yadda ake rataya abu mai tsarki ba a wulaƙanta shi ba, da yadda baje koli ke zama idan Musulmi ne mai gida. Duk wanda zai yi aiki a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, masu kallonsa sun fi kama da na rumfar alhazai fiye da na Landan. Amma jami'a ta riƙe abu ɗaya da Jidda ba ta bayarwa, wato damar juyowa a tambayi mai biyan kuɗin, a kuma rubuta amsar da sunan mutum a ƙasa. Saboda haka ɗalibar ta fara da karatu, ta yi shi da gaske har ta iya gardama da malamanta, amma kada ta zauna jiran kujerar farfesa a ƙasar da ke rufe sassan. Ta je Jidda shekara biyu ko uku ta koyi aiki da Larabci, ta yi hira da tsofaffin Takari tun suna raye, ta kwafi hotunansu da izininsu. Baje kolin kansa, da ɗakin farko da na ƙarshe, a Kano ya fi yiwuwa a rataya shi, ko a tsohon sansanin alhazai ne, inda kusan kowace unguwa ke da wanda ya tafi Makka bai dawo ba.